Huji da tsaga: kalmomin hujin leɓe da kulawa da shi a Hausar yankin Kanambakashe

Taƙaitawa

A cikin wannan aiki mun duba aikatau huda da danginsa, domin mu gane abin da mai jin Hausa yake fahimta idan aka ce masa an huda leɓe. Mun nuna cewa kalmar huji tana tafe da wani sani na gargajiya wanda aka gina a kan kunne, kuma wannan sani yana cutarwa idan aka ɗora shi a kan leɓe. A ƙarshe mun bayyana yadda ake kula da hujin leɓe na farko, tare da kalmomin da muke ganin sun dace da ma'aikatan lafiya da masu fassara.

1. Gabatarwa

Kanambakashe tana cikin gundumar Mayahi, jihar Maraɗi, tsakanin garin Mayahi da na Tasawa. Mafi yawan mutanenta Hausawa ne manoma, suna zaune tare da Fulani da Buzaye. Hausar wurin tana da alamomin da aka sani a faɗin jihar: ana cewa hura da hwata inda Kano ke cewa fura da fata, ana cewa halshe maimakon harshe, wasu kuma kan ce leɓo maimakon leɓe. A nan mun bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, ba mu sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali ba.

Abin da ya jawo wannan aiki shi ne tambayar wata tsohuwar ɗalibarmu, ƴar asalin yankin, wadda yanzu take aikin jinya. Wata yarinya daga danginta, mai karatu a Yamai, ta zo hutu gida da huji a leɓen ƙasa, wanda ƙawarta ta yi mata da allurar ɗinki kwana biyu kafin tafiya. Kakarta ta yi faɗa, sa'an nan ta yi abin da ta sani: ta zare ɗan ƙarfen, ta zura zare, ta shafa man shanu, ta ce a riƙa juya zaren safe da yamma kada hujin ya toshe. A rana ta biyar leɓen ya kumbura har yarinyar ba ta iya shan hura, aka kai ta gidan likita. Ta warke, amma da tabo. Ɗalibar tamu ta nemi mu taimaka mata ta juya wata takardar bayani daga Faransanci zuwa Hausa, sai muka tarar wuyar aikin tana cikin kalmomin da kowa yake zaton ya sani.

Ba mu da niyyar yaba wannan ado ko kushe shi. Hukuncinsa a addini na malamai ne, yardarsa a gida kuma ta iyaye ce. Namu shi ne duba harshe.

2. Aikatau huda da danginsa

Bisa ga tsarin matakai bakwai na aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, saiwar hud- tana ba da siffofi kamar haka:

(1) Ta huda kunnen jaririya. (mataki na 1)
(2) Ƙaya ta huje takalmin. (mataki na 4)
(3) Kunnen ya hudu. (mataki na 7)

A misali na (2) baƙin d ya koma j a gaban wasalin e. Wannan ita ce ganɗantawa, irin wadda muke gani a gudu da guje. Ita ce kuma ta ba mu sunan huji da siffar hudajje. Baƙin ɗ mai lanƙwasa ba ya ganɗantuwa, shi ya sa huɗa ta gona take ba da huɗe. Mai buga takardar bayani ya kula da wannan lanƙwasa, don ita kaɗai ta raba huda da huɗa a rubuce, ta kuma raba hudu da huɗu.

Sunan huji yana da ma'ana biyu: aikin hudawa, da ƙofar da aikin ya bari. Idan muka jera huda da sauran aikatau na wannan fanni, bambancin ma'anarsa yana fitowa:

(4) Ya soka masa mashi.
(5) Ɓera ya ɓula buhu.
(6) Wanzami ya tsaga masa kumatu.

Soka yana nufin shigar abu mai tsini, ko ya fita ta ɗaya gefen ko bai fita ba. Ɓula ya fi tafiya da kaya, kamar ƙwarya ko buhu ko bango, kuma sau da yawa ɓarna ce. Tsaga yanka ne a tsaye bisa fata. Huda kuwa, idan a jikin mai rai ne, yana nufin a ratsa nama daga gefe zuwa gefe da nufin ƙofar ta zauna, kamar kunnen ƴa mace ko hancin raƙumi da na sa.

Daga nan muke samun rabuwar da ta fi muhimmanci ga wannan aiki. Tsaga ciwo ne da ake so ya rufe ya bar alama. Huji ciwo ne da ake so ya warke ba tare da ya rufe ba. Kowane ɗaya yana da masu shi a cikin al'umma. Tsaga aikin wanzami ne, tare da aski da ƙaho da kaciya da cire beli. Shi ke yin tsagar gado, kamar ta Gobirawa wadda ke tashi daga gefen baki ta nufi kunne, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, shi ke yin ta ado kamar ƴan baka da kalangu, yana shafa baƙin tukunya ko gawayi don zanen ya fito. Hujin kunne kuwa aikin mata ne, kaka ko ungozoma ko wata dattijuwar unguwa, da allura da zare, tun yarinya tana ƙarama.

Hujin leɓe bai faɗa hannun ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanzami ya san gefen baki amma da aska, dattijuwa ta san huji amma a kunne da hanci.

3. Inda aka san hujin leɓe

Hujin leɓe ba al'adar Hausawa ba ce, amma tsohon abu ne a Afirka. Matan Sara Kaba na kudancin Cadi sun shahara da faifan da suke sawa a leɓɓansu. Matan Lobi na Burkina Faso da arewacin Kodebuwa suna sa ɗan dutse ko itace a leɓe, matan Makonde na Tanzaniya da Mozambik suna sawa a leɓen sama. A yawancin waɗannan wurare al'adar ta ja baya ƙwarai a cikin ƙarni na 20. A kudu maso yammacin Habasha, wajen Mursi da Suri, ana yanka leɓen ƙasa na budurwa tana da shekara 15 ko 16, a riƙa faɗaɗa shi sannu a hankali har ya ɗauki faifan yumɓu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne baƙanta leɓe da kewayen baki ta hanyar tsattsaga fata da allurai, wanda aka sani wajen matan Fulani na yankin Mopti a Mali. Wannan a Hausa jarfa ce, wato yana ɓangaren tsaga.

Irin hujin da ƴan makaranta suke gani yau a wayar salula ya biyo wata hanya dabam. Ya bazu a Amurka da Ingila daga shekarun 1970, ya zama ruwan dare a Turai a shekarun 1990. Faransanci yana da aikatau percer, amma don wannan sabon ado sai ya ari piercing daga Ingilishi, yana kuma kiran ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin leɓe labret, daga kalmar Latin labrum, wato leɓe. Ke nan mai jin Faransanci yana da kalmomi biyu: idan ya ji ta aron, ya san ana maganar wani aiki mai ƙa'idojinsa. Dokar Faransa ma ta raba su. Dokar 19 ga Fabrairu 2008 ta wajabta wa mai wannan sana'a horo kan tsabta, ta hana yi wa wanda bai balaga ba sai da rubutacciyar yardar iyaye, ta kuma taƙaita amfani da bindigar huji ga kunne da gefen hanci kawai.

Hausa ba ta yi wannan rabuwa ba. Kalma ɗaya ce, huji, ga kunne da leɓe.

4. Abin da kalmar huji take tafe da shi

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da ke bin hujin kunne: a bar zare a ciki, a shafa man shanu ko man kaɗe, a riƙa juya zaren, idan wurin ya bushe a sa tsinke ko ɗan kunne. Wannan sani ba a faɗarsa, yana cikin kalmar. Kakar da muka ambata ba ta yi sakaci ba, ta ji huji ta yi aikin huji.

Amma leɓe ba kamar kunne yake ba. Fatar kunne siririya ce, busasshiya ta gefe biyu, ba ta motsi. Leɓe tsoka ne mai kauri da jijiyoyin jini da yawa, yana motsi a duk magana da duk loma. Bakin huji na waje yana kan fata, na ciki kuwa yana jiƙe da miyau dare da rana, cikin ɗimbin ƙwayoyin cuta da ke zaune a bakin kowane mutum. Saboda haka kowane mataki na kulawar kunne yana juyewa. Zare yana shan miyau da guntun abinci ya ja su cikin ciwon. Mai yana toshe bakin huji ya riƙe ƙura. Juyawa tana yage sabon naman da ke tsirowa a cikin ƙofar.

Akwai wasu kalmomi uku da su ma suke ɓatar da mai sauraro.

Ta farko ita ce warke. A maganar yau da kullum ciwo ya warke idan ya bushe ya bar zafi. Hujin leɓe yakan kai wannan matsayi cikin mako biyu, alhali cikin ƙofar bai yi fata ba sai bayan mako 6 zuwa 8, wani lokaci har wata 3. Wanda aka ce wa «ka kula har ya warke» zai daina kulawa tun da sauran aiki.

Ta biyu ita ce mugunya. Sabon huji yana fitar da wani ruwa fari-fari mara wari, wanda ke bushewa ya yi ɓawo a jikin ƙarfe. Wannan alamar warkewa ce. Mugunya ta gaskiya mai kauri ce, rawaya ko kore-kore, tana wari, tana zuwa da zafi da ja da ke ƙaruwa. Idan aka kira su da suna ɗaya, ko dai a tsorata a cire ƙarfe ba dalili, ko a raina mugunya a ce ai haka huji yake yi.

Ta uku ita ce tsabta. Allurar da aka wanke da sabulu, ko aka goge da alkol, ko aka kara a wuta, mai tsabta ce a idon kowa. Abin da takardar Faransanci ke nufi da stérile ya wuce nan, wato a kashe duk wata ƙwayar cuta da ke jikin kayan, kamar yadda ake yi a tukunyar tururi ta asibiti, a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin allura. Nijar ta shigar da rigakafin wannan ciwo cikin alluran jarirai a 2008, ke nan mafi yawan waɗanda aka haifa kafin wannan shekara ba su samu ba suna jarirai. Allurar da aka yi wa mutum biyu huji da ita tana iya ɗaukar wannan ciwo, da ciwon hanta nau'in C, da sida. Ta wurin ciwo mai datti kuma sarƙe-haƙora, wato tetanos, yake shiga.

5. Huji na farko da kulawa da shi

5.1. Kafin huji. Mai yin aikin ya wanke hannu ya sa safar hannu sabuwa, ya buɗe allura sabuwa daga ledarta a gaban mai shi, ya jefar da ita bayan aiki. Allurar huji mai rami ce a ciki, tana yanka ƙofa daidai kaurin ƙarfen. Allurar ɗinki tana yage nama, bindigar kunne kuma tana murƙushe shi. Ƙarfen farko ya zama titaniyom, ko ƙarfen da aka yi don zama a jikin mutum, ko zinariya mai kara 14 zuwa sama. Ƴan kunnen kasuwa masu araha sau da yawa suna da nikel, wanda ke sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje. Wanda ke da ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ko jinin da ba ya saurin tsayawa, ko ciwon dasashi, da mace mai ciki, su fara ganin likita. A duba kuma ko allurar tetanos ba ta tsufa ba. Inda ba a samu waɗannan sharuɗɗa ba, kuma da wuya a same su a ƙauye, shawarar da ta dace ita ce a bari.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Cikin hunturu leɓe yana tsagewa da kansa, ƙura kuma ba ta ƙarewa. Gab da azumi kuskurar baki akai-akai tana da wuya, bakin kuma yana bushewa.

5.2. Makon farko. Leɓe yana kumbura sosai a kwana 3 zuwa 5 na farko, shi ya sa ƙarfen farko yake fin kaurin leɓen tsawo. Idan gajere ne, nama yana iya haɗiye kansa. Ruwan sanyi mai tsabta yana rage kumburi. Don zafi a sha parasetamol, a guji asfirin saboda yana ƙara zubar jini.

5.3. Wanki. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa wurin. Ta waje a wanke sau 2 a rana da ruwan gishirin farmasi, wanda ke da giram 9 na gishiri a kowace lita. Inda babu shi, a tafasa ruwa lita ɗaya, a zuba gishirin cin abinci ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a bari ya huce, a sake sabo kowace rana. Gishirin da ya wuce haka yana ƙona sabon nama. Ta ciki a kuskure baki bayan kowane cin abinci da kafin barci. A ci gaba da goge haƙora a hankali da sabon buroshi mai laushi. Mai yin asuwaki ya kula kada zaren itacen ya maƙale a ƙarfe.

5.4. Abin da za a bari har wata 2. Yaji da abinci mai zafi ƙwarai, goro, fure, taba ta sha da ta ci, jan-baki da man leɓe, sumba, da shan ruwa a moɗa ɗaya da jama'a. Hura da kunu suna da sauƙin sha, amma tsakinsu yana shiga bayan ƙarfe, sai a kuskure nan take. Kada a yi wasa da ƙarfen da haƙori ko harshe.

5.5. Bayan kumburi. Bayan mako 2 zuwa 4, wanda ya yi hujin ya sauya dogon ƙarfen da gajere. Wannan mataki ne da ake yawan mantawa. Dogon ƙarfe yana gugar dasashi har ya janye daga gindin haƙori, yana kuma iya fasa haƙori. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa.

5.6. Alamomin zuwa gidan likita. Mugunya mai wari, zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana 5 ko yake gangarawa haɓa da wuya, jinin da ya ƙi tsayawa, ƙarfen da ya nutse cikin nama. Idan haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko muƙamuƙi ya ƙage, a tafi asibitin gunduma, na Mayahi ko na Tasawa, ba tare da jiran safiya ba. Kada a cire ƙarfen a gida, don ƙofar tana iya rufewa ta kulle mugunyar a ciki. Likita ne zai ce a cire ko a bari.

6. Kalmomin da muke ba da shawara

Ga sunan aikin, hujin leɓe ya isa, muddin jimlar farko ta takarda ta raba shi da na kunne. Ga sunan ƙarfen, abin da ya fara zo mana shi ne ɗan leɓe, bisa tsarin ɗan kunne. Sai dai ɗan kunne ya daɗe da zama kalma guda, ɗan leɓe kuwa mai sauraro zai iya ɗaukarsa ƙaramin leɓe. Ƴar baka ba ta yiwuwa, tun da tsagar ado ta riga ta ɗauki sunan. Mun tsaya a kan ƙarfen leɓe. Ga sauran mun zaɓi waɗannan: warkewar waje da warkewar ciki, ruwan warkewa da mugunya, allura sabuwa fil daga leda a maimakon allura mai tsabta.

Ga yadda bayanin zai iya fitowa daga bakin ma'aikaciyar jinya, idan yarinya ta zo tare da kakarta:

«Iya, wannan hujin ba irin na kunne ba ne. A nan ba a sa zare, ba a shafa mai, ba a juyawa. Ke kuma ƙanwata, duk abin da kika ci ki kuskure baki da ruwan gishirin nan. Idan kin ga ɓawo fari a jikin ƙarfe, ruwan warkewa ne, ki jiƙa shi ya fita da kansa. Waje zai bushe cikin mako biyu, amma ciki sai wata biyu. Idan kin ji zazzaɓi ko wari, ki zo wurinmu da ƙarfen a jikinki.»

An fara da kakar da gangan, domin a gida ita ce za ta yi jinyar, kuma ita ce ke da tsohon sanin da ake so a dakatar.

7. Kammalawa

Mun ga cewa Hausa ba ta rasa kalmar hujin leɓe ba. Matsalar ita ce kalmar da ke akwai ta riga ta cika da sanin kunne, kuma babu wani mai sana'a a gargajiyance da leɓe yake hannunsa. Mai fassara da ya sa huji a wurin piercing, tsabta a wurin stérile, warke a wurin cicatriser, bai yi kuskuren ƙamus ba, amma takardarsa za ta sa a yi abin da kakar nan ta yi. Muna ganin irin wannan dubawa ta dace da wasu kalmomin gidan likita, kamar allura, wadda ke nufin ta ɗinki da ta magani, da shawara, wadda ke rufe cututtukan hanta iri-iri. Muna kira ga ɗaliban sashenmu ƴan asalin Mayahi da Tasawa da su tattaro, daga bakin wanzamai da ungozomomi, kalmomin da suke amfani da su ga kowane mataki na warkewar ciwo, tun daga ranar yanka har ranar da tabo ya zauna.